Avolition, abulia, involuntary: wacce ce kalmar rashin niyya a Turanci?

Mai_Fassara ta rubuta:

Assalamu alaikum. Masana, a taimaka. Ana fassara wata takardar wayar da kai kan lafiyar ƙwaƙwalwa daga Turanci zuwa Hausa, irin wadda ake ba 'yan'uwan majinyaci su tafi da ita gida. Kalmomi uku sun tsaya mana a wuya: avolition, abulia da involuntary. Duk ƙamus ɗin da aka buɗa wuri ɗaya yake kai mutum, wato rashin niyya ko rashin son rai. Amma a cikin takardar ba wuri ɗaya suke zaune ba. Ta farko tana babin taɓin hankali, ta biyu tana babin shanyewar ɓarin jiki, ta ukun kuwa ta fito a maganar rawar hannu, ta sake fitowa a maganar kwantar da majinyaci a asibiti.

Shin ma'anarsu ɗaya ce, ana iya musanya su? Wacce ce ainihin kalmar da ake faɗa wa mutumin da ba shi da niyyar yin komai? Kuma in na sa kasala ko lalaci, na yi daidai?

Malamin_Turanci ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Ba ɗaya ba ne, kuma lalaci kada ki sa shi ko da wasa. Turanci ba shi da kalma guda tilo ta rashin niyya. Kafin ki zaɓa sai kin tambayi kanki: wa ya rasa niyyar, aikin ne ko mutumin?

In aikin ne ya auku ba tare da mai shi ya nufa ba, kalmar ita ce involuntary. Sifa ce, kuma galibi aiki take bi: atishawa, shaƙuwa, bugun zuciya, ƙifta ido in ƙura ta taso, makyarkyatar zazzaɓi. Mutumin yana nan da niyyarsa cikakkiya, wannan motsin ne kawai bai bi ta hannunsa ba. Rawar hannun da ke cikin takardarki nan ta faɗa. Sai dai kalmar tana da fuska ta biyu, wato abin da aka yi wa mutum ba da yardarsa ba, kuma ita ce ta maganar kwantarwa a asibiti. Wannan na bar wa lauyoyin cikinmu.

In kuwa mutumin ne ya daina ƙulla niyya gaba ɗaya, nan ne avolition da abulia suke shigowa. Dukansu sunaye ne na wani hali, kuma ba a ƙirga su, don haka ba a sa musu an a gaba, ba a kuma yi musu jam'i. Ana cewa majinyaci shows avolition ko has marked abulia. Ba a cewa he is avolition. In sifar mutum kike so, sai ki ce abulic, ko avolitional, ko da yake ta biyun ta fi bin alamun ciwo fiye da mutum.

Tushensu ya bambanta. Abulia daga Girkanci take: harafin a- na korewa, sai boule, wadda ke nufin niyya ko shawara. Da wannan kalma ce mutanen Atina na da suke kiran majalisarsu mai mutum 500 da ke tsara abin da za a kawo gaban taron jama'a. Likitocin ƙarni na 19 suka ɗauke ta, kuma wani masanin halayyar ɗan Adam na Faransa, Théodule Ribot, ya yaɗa ta sosai a littafin da ya fitar a 1883 kan cututtukan niyya. Za ki gan ta da rubutu iri biyu, abulia da aboulia. Duk daidai ne, ta farkon ta fi yawa a rubutun Amurka. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kanta har ƙarshen takarda.

Avolition kuwa ruwa biyu ce: a- ɗin na Girkanci aka liƙa wa volition, wadda ta fito daga Latin, daga aikatau velle, wato so ko nufi. Daga wannan gida ne voluntary da volunteer suka fito. Latin na da kishiyar velle, wato nolle, ƙin yi, kuma duk mai bin labaran kotu a Nijeriya ya san ta a cikin nolle prosequi, inda Antoni Janar ke janye ƙara. Wannan bambanci shi ne gishirin maganar. Wanda ya ƙi yin abu yana da niyya, niyyar ƙi ce. Shi ne unwilling ko reluctant. Mai avolition bai kai ga ƙin ba ma. Ki ce masa ya tashi, ba zai yi miki gardama ba, tashin ne dai ba zai zo ba.

Ga tarko biyu da suka fi kama mu Hausawa. Na farko, ba mu da harafin v, muna mai da shi b, sai avolition ta koma abolition a baki, wadda ke nufin soke abu, kamar soke cinikin bayi. Manhajar gyaran rubutu ta kwamfuta ma takan yi wannan ɓarna da kanta, ta ja wa avolition jan layi ta ba ki abolition. Ki duba kowane wuri da ido kafin a kai maɗaba'a. A furuci, farkon avolition "ei" ne, na abolition kuwa "a". Na biyu, abulia ba ta da dangantaka da bulimia, ciwon cin abinci da yawa a amayar. Kamar sauti ce kawai.

Sannan ki sani waɗannan biyun kalmomin asibiti ne. Baturen da bai yi karatun likita ba, in ka ce masa abulia, kallonka kawai zai yi. A hirar yau da kullum listless ko unmotivated suke cewa, ko apathetic.

A Hausa ni da zan ce "mutuwar zuciya", don ita ce ta fi kusa a kunnena.

Likitan_Ƙwaƙwalwa ya rubuta:

Malam ya share hanya. Bari in ɗora daga ɓangaren asibiti, domin wanda ya rubuta takardar bai raba kalmomin nan a babi biyu don ado ba.

Avolition yaren likitocin taɓin hankali ne. Kundin tantance cututtuka na ƙungiyarsu ta Amurka, DSM-5, wanda ya fito a 2013, ya jera alamu biyar na ciwon sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali: ruɗaɗɗen imani da ba ya karɓar hujja, jin muryoyi ko ganin abin da babu, magana marar kan gado, hali a birkice ko sandarewa, sai na biyar da ake kira negative symptoms. A ƙarƙashin na biyar ɗin nan aka ambaci avolition. Malama, ki kula da kalmar negative a nan, don masu fassara da yawa sukan sa "munanan alamu". Ba haka ba ne. Ma'anarta ragi. Muryoyi abu ne da ciwon ya ƙaro wa mutum, avolition abu ne da ciwon ya ɗebe masa. "Alamun ƙari" da "alamun ragi" sun fi dacewa. Alamun ragin da masana suka daidaita a kansu biyar ne: fuska da murya su daina nuna motsin rai, magana ta yi ƙaranci, mutum ya janye daga jama'a, jin daɗin abubuwa ya ragu, sai ita avolition.

Yadda take a zahiri: saurayi ne da ya saba buɗe shago da sassafe. Yanzu rana ta take, yana zaune a bakin katifa da rigar shekaranjiya, bokitin ruwan wankan da aka kai masa tun safe ya huce a inda aka ajiye shi. In an tambaye shi ko zai yi wanka sai ya ce "to". Bayan awa biyu yana nan. Bai ɓata rai ba, bai kawo uzuri ba. Malalaci yana zaɓe: ya guje wa gona amma ya tashi da gudu in an ce ana raba nama ko za a fara ƙwallo. Wannan ko abin da yake so a da ba ya tashe shi.

Abulia kuwa yaren likitocin jijiya ne, kuma sukan faɗe ta in akwai wani rauni a ƙwaƙwalwa da za a iya nunawa a hoto. Hanyar da ke ƙulla niyya ta mai da ita motsi ta taso ne daga goshin ƙwaƙwalwa, musamman ɓangaren tsakiya da ake kira anterior cingulate, ta gangara cikin curin ƙwayoyin jijiya na can ciki, basal ganglia, ta bi ta wata mahaɗa a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira thalamus ta komo. Sinadarin dofamin ne ke tafiyar da ita. Duk inda aka yanke wannan da'ira, abin da za a gani ɗaya ne. Kamar mota ce mai lafiyayyen inji, ga mai a tanki, amma makunninta ya mutu: in an tura ta tashi ta yi tafiya, in ta tsaya sai an sake turawa.

Abubuwan da suka fi jawo ta: toshewar jijiyar jinin da ke ciyar da gaban ƙwaƙwalwa ta tsakiya, inda sau da yawa ƙafa ta fi hannu mutuwa kuma fitsari yakan kufce, buguwar goshi a hatsarin babur ko mota, ƙari a gaban ƙwaƙwalwa, taruwar ruwa a cikinta, jinin da ke taruwa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai, musamman ga tsoho, makonni bayan faɗuwar da kowa ya manta da ita, ciwon Parkinson da wasu nau'o'in ciwon mantuwa. Akwai ɗaya da nake so a sa a takardar in da hali, wato shaƙar hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar gubar da ke cikinsa tana yawan lalata wani sashe na basal ganglia. Mutum yakan farfaɗo a ce ya warke, sai bayan kwanaki ko makonni ya koma shiru, ba ya fara komai da kansa. 'Yan'uwa ba sa haɗa wannan da wancan, sai a tafi neman maganin sammu.

Abin mataki-mataki ne. Mafi sauƙi shi ne apathy, himma ta ragu amma mutum na gudanar da rayuwarsa. Abulia tana tsakiya. Mafi tsanani shi ne akinetic mutism, wanda likitan tiyata Hugh Cairns ya bayyana a 1941: mutum a farke, ido buɗe yana bin mai wucewa da kallo, amma ba magana ba motsi, alhali gaɓoɓinsa ba su shanye ba.

Babbar alamar abulia a gefen gado ita ce jinkirin amsa. Ka tambayi majinyaci sunan garinsu, ya yi shiru daƙiƙa 20, 30, har ka ɗauka bai ji ba, sannan ya ba ka amsa daidai, kalma ɗaya. Ka ce ya ƙirgo daga 20 zuwa 1, ya kai 16 ya tsaya, sai ka ce "ci gaba" ya ɗora. Ka ce ya lissafo dabbobi cikin minti ɗaya, ya kawo uku ya yi tsit. Abinci yakan zauna a bakinsa bai tauna ba bai haɗiye ba. Likitan jijiya C. Miller Fisher, wanda ya yi rubutu a kan wannan a 1983, ya lura da wani abin mamaki: wasu da ba sa amsa wa wanda ke gabansu sukan ɗauki waya in ta yi ƙara su yi magana sosai. In 'yan'uwa suka ga haka sai su ce ashe da gangan yake yi. Ba da gangan ba ne, ƙarar wayar ce ta tura shi.

Inda ake yawan kuskure shi ne a ɗauka ciwon damuwa ne. Mai ciwon damuwa yana shan azaba a ransa, yana kuka, yana ganin kansa ba shi da amfani, yana zargin kansa, wani lokaci yana fatan mutuwa. Mai abulia in ka tambaye shi ko yana baƙin ciki sai ya ce a'a, in ka ce me kake tunani ya ce ba komai, kuma gaskiya ya faɗa. Bambancin yana da muhimmanci domin wasu magungunan damuwa kan ƙara dusashe himma. Kuskure na biyu, a manta da maganin da mutum ke sha. Magungunan taɓin hankali irin su haloperidol da chlorpromazine suna toshe dofamin, in sun yi yawa sukan sandarar da jiki su kashe kuzari, har a ɗauka ciwon ne ya ƙaru a ƙara maganin, alhali gyara shi ya kamata likita ya yi. Ana kuma duba ƙarancin aikin thyroid (halittar wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo), ƙarancin jini da shaye-shaye kafin a yanke hukunci.

Gaskiyar magana, iyakar da ke tsakanin kalmomin biyu ba katanga ba ce. Likitoci biyu za su ga majinyaci ɗaya, wannan ya rubuta avolition, wancan ya rubuta abulia. Abin da ya raba su shi ne sashen da aka rubuta takardar da kuma abin da ake zaton ya jawo.

Mai_Fassara ta rubuta:

Allah ya saka da alheri, Malam da Likita. To ke nan in bi shawarar Malam in sa "mutuwar zuciya" a wurin biyun? Ko in bar kalmomin da Turanci in yi bayani a ƙasa? Takardar shafi biyu ce kacal, wuri ya yi ƙaranci.

Anti_Nas ta rubuta:

'Yar'uwa, da girmamawa ga Malam, kada ki sa mutuwar zuciya. A ƙamus ta yi, a gida ba ta yi ba. Wa ake ce wa mai matacciyar zuciya? Ƙaton da ke zaune matarsa na ciyar da shi, ko wanda ya mai da roƙo sana'a. Zagi ne. Uban da ya karanta cewa ɗansa na fama da mutuwar zuciya ya sami hujja daga asibiti ta abin da yake faɗa tun farko, kuma abin da zai biyo baya gori ne, ko hana abinci, ko bulala. Haka kasala: ita ta jiki ce, ta mai zazzaɓi ko mai azumi, hutu da abinci suna kore ta. In kin sa ta, za su saya masa maganin ƙarin jini su jira. Lalaci, ƙyuya, ragwanci da ganda duk suna ɗora wa mutum laifi.

Ni abin da na ga ya fi aiki shi ne a bar neman kalma ɗaya. Ki sa kan magana kamar "rashin iya fara abu da kansa" ko "mutuwar himma saboda ciwo". Kalmar "saboda ciwo" ɗin nan kada ki yar da ita don neman wuri, ita ce ke tsare majinyaci. Sai ki kawo kalmar Turancin sau ɗaya a cikin jimla, don in sun gan ta a katin asibiti su gane.

In akwai sauran fili, ga abin da masu jinya suka fi bukata. Kada a ce masa "tashi ka shirya", umarnin ya yi faɗi. A gutsuttsura: tashi zaune. Sa ƙafa ƙasa. Ga soso. Umarni ɗaya, a jira ya cika, sannan na gaba. In an yi tambaya a ba shi kamar rabin minti kafin a maimaita, kuma kada wani ya amsa a madadinsa, don in ana yi masa haka ɗan abin da ya rage ma zai tafi. Kada a tambaye shi me yake so ya ci, a ce shinkafa ko tuwo. A tsayar da lokaci ɗaya kullum na wanka, na abinci, na fita ƙofar gida, a jingina su da lokutan salla don kowa a gidan ya riƙe. A fara masa aikin, a sa masa cokali a hannu a kai loma ta farko, sau da yawa zai ci gaba.

Abin da ke kai irin waɗannan majinyata ga halaka ba ciwon kansa ba ne. Ba za su ce suna jin ƙishirwa ba, sai jiki ya bushe. Ba za su juya a kan gado ba, sai gyambon kwanciya ya fito a ƙugu da dunduniya, don haka wanda ba ya motsi a juya shi duk bayan awa biyu. A duba bakinsa bayan cin abinci, kada saura ya sarƙe shi. Magani kuma kada a bar masa a ce ya sha, a tsaya a ga ya haɗiye.

Sannan a rubuta da manyan baƙaƙe: in shirun nan ya zo farat ɗaya, cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu, musamman ga mai hawan jini ko wanda ya bugu a kai, a kai shi asibiti a ranar. Wanda ya zo a hankali cikin watanni ga matashi, shi ne na asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri ko na Dawanau a Kano.

Barista_Arewa ya rubuta:

Tunda Malam ya miƙo mana involuntary, ga abin da ya sawwaƙa. A harshen shari'a kalmar tana ɗaukar ma'ana uku, kuma kowacce da fassararta.

Ta cikin takardarki, involuntary admission, ita ce kwantar da mutum a asibiti ba da yardarsa ba. Ki rubuta haka, "ba da yardarsa ba", kada ki ce "ba da niyya ba", don wannan zai nuna kamar bisa kuskure aka kwantar da shi. A Nijeriya dokar da ke kula da wannan yanzu ita ce Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Irin wannan ma'ana ce a involuntary confession, ikirarin da aka tatsa da duka ko barazana, wanda sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓa. A fiƙihu wannan babin tilas ne, ikrahi. Mutum yana da niyyarsa, an danne ta ne.

Ta biyu ita ce aikin da jiki ya yi ba tare da hankali ya umarta ba, abin da lauyoyin Ingila ke kira automatism. A wata shari'ar tuƙi ta 1958, Hill da Baxter, alƙalai sun kawo misalin direban da taron ƙudan zuma ya auka wa yana tuƙi: in motar ta kauce, ba za a ce shi ya tuƙa ta a lokacin ba. Amma wanda gyangyaɗi ya ɗauke a kan sitiyari bai tsira ba, domin ya ji barcin na zuwa bai tsaya ba. Sashe na 24 na kundin laifuffuka da ake aiki da shi a kudancin Nijeriya ya faɗi wannan ƙa'ida a fili, cewa ba a kama mutum da aikin da ya auku ba tare da nufinsa ba.

Ta ukun ita ce mai ruɗarwa: involuntary manslaughter. A nan aikin da gangan aka yi shi, mutum ya yi gudun wuce sa'a da mota ko ya yi sakaci mai muni, mutuwar ce bai nufa ba. Ta fi kusa da abin da muke kira kisan kuskure, kishiyar kisan ganganci, ko da yake ba su daidaita ƙafa da ƙafa da rabon da malaman fiƙihu suka yi ba. Kuma kundin Penal Code na Arewa ba ya amfani da kalmar manslaughter, culpable homicide yake cewa, ya raba shi zuwa wanda hukuncinsa kisa ne da wanda ba kisa ba. Mai fassara labarin kotu ya duba daga wace jiha labarin ya fito kafin ya zaɓi kalma.

Akwai kuma non-voluntary, wadda masana ɗa'ar aikin likita ke bambanta ta da involuntary. Involuntary, mutum na iya cewa a'a, kuma ya ce ko ba a tambaye shi ba. Non-voluntary, ba ya cikin halin da zai ce e ko a'a, kamar jariri ko wanda ya suma. Ga mai abulia wannan yana da amfani ƙwarai: "to" ɗin da yake cewa ga komai ba lallai ne ta zama yarda ba. In za a sa shi ya sa hannu a takardar sayar da gona ko ta tiyata, sai likita ya fara tabbatar da cewa ya fahimci abin kuma yana iya yanke shawara. In ba haka ba, takardar na iya rushewa a kotu.

Malamin_Turanci ya rubuta:

Anti Nas ta fi ni hujja, a bar mutuwar zuciya.

Abu ɗaya zan ƙara game da involuntary ta rawar hannu, don na ga masu fassara na wahalar da kansu da "motsin da ba na son rai ba". Hausa ba da sifa take yin wannan aiki ba, da ginin jimla take yi. Mukan ɗauke mutum daga matsayin mai aikatawa mu ɗora abin da ya same shi: barci ya kwashe shi, dariya ta kufce mata, kuka ya ƙwace masa, kofi ya suɓuce mini, hannunsa na rawa. Dubi bambancin "ya fasa tulu" da "tulu ya fashe a hannunsa". Masana harshe suna kiran irin wannan non-volitional, kuma ita ce kalmar da ake so in maganar nahawu ake yi ko maganar abin da ba shi da rai, kamar iska ko na'ura. Gwajinta mai sauƙi ne: ki liƙa "da gangan" ki ji ko jimlar ta zauna. "Na saurara da gangan" ta zauna, "na ji da gangan" ba ta zauna ba. Haka duba da gani.

Don haka ga yadda zan sa layukan, ki gyara yadda ya dace da takardarki:

Na babin taɓin hankali: "Ciwon yakan kashe wa mutum himma, ya kasa fara wanka, aiki ko hira da kansa. Likitoci na kiran wannan avolition. Ba lalaci ba ne, faɗa ba ya gyara shi."

Na babin shanyewar ɓarin jiki: "Wani majinyacin yakan yi shiru, ya daɗe kafin ya amsa, ba ya yin abu sai an sa shi, ko da hannunsa da bakinsa lafiya. Sunan wannan abulia."

Na rawar hannu: "Hannu ko baki na iya motsi da kansa, majinyaci ba zai iya tsai da shi ba."

Likitan_Ƙwaƙwalwa ya rubuta:

Layukan sun yi. A na ƙarshen a ƙara "a gaya wa likita, kada a daina maganin da kai". Motsin baki da harshe da ke zuwa bayan an daɗe ana shan irin su haloperidol yakan ƙaru na ɗan lokaci in an yanke maganin farat ɗaya, ga kuma haɗarin ciwon ya dawo.

Kada kuma takardar ta yi alkawarin cewa akwai ƙwayar da ke dawo da himma. A abulia ana gwada magungunan da ke ƙara aikin dofamin, irin su bromocriptine da amantadine, wasu majinyata suna samun sauƙi, wasu ba sa samu, kuma ga mai sikizofireniya suna iya tayar da muryoyin da aka kwantar. Inda aka fi ganin canji mai sauri shi ne in an sami abin da za a cire, kamar jinin da ya taru ƙarƙashin ƙoƙon kai, ruwan da ya yi yawa, ko ƙari. Shi ya sa tsohon da ya koma shiru bayan faɗuwa hoton kai na CT yake bukata tun da wuri.